Mai Talla Ya Shigo Gida Ba Sallama

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya yi ranar raba takardun shaida ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata. Mun buga shi don waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.



Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman. Dagatai da masu unguwanni, malaman azuzuwa, iyayenmu mata da iyayenmu maza, ina gaishe ku baki ɗaya. Ɗalibai, barkanku da wannan rana. Kun yi watanni kuna fama da fensir da littafi bayan kun taso daga gona. Yau ga sakamako. Allah ya sa albarka.

An ce in yi magana a kan amfanin karatu. To, wannan kun riga ni sani. Wasunku sun karanta katin asibiti da kansu. Wasu sun karanta rasit na taki, suka gane an yi musu ƙari. Saboda haka zan ɗauki abu ɗaya kawai, wato talla, da yadda yake shiga kan 'ya'yanmu. Ina neman gafara tun da wuri. Maganar tana da nauyi, ga shi kuma akwai surukai a wurin nan. Zan bi a hankali.

Kwanakin baya na je kasuwar wani gari ranar da take ci. Ina tare da 'yata, mai shekara 14. A bakin tasha muka tarar da wata mota an ɗaura mata lasifika. Mai magani ne yake tallan maganin basir da maganin maza. Kun san irinsu. Kalmomin da ke fita daga lasifikar nan, bakina ba zai iya maimaita su a gaban Malam Liman ba. A jikin motar kuma an manna hotuna.

Su wa suka kewaye motar? Ba masu furfura ba ne. Yara maza ne 'yan shekara 13 zuwa 16, da 'yan mata ɗauke da farantan gyaɗa da ƙosai. Suna ta dariya, suna taɓa juna. 'Yata ta sunkuyar da kai. Ni kuma na ciro waya, na yi kamar ina duba wani abu. Muka wuce. Har muka isa gida ban ce mata uffan ba. Shirun nan nawa ya fi maganar mai magani damuna. Shi bai ji kunya ba, ya yi wa 'yata magana. Ni ubanta na ji kunya, na yi shiru.

Tallan Da Da Tallan Yanzu

Talla ba laifi ba ne. Da shi muka tashi. Mai nono ta ce ga nono mai kauri. Mai goro ya ce ga fari ga ja. Irin wannan talla yana ba ka labarin kaya ne. Ka duba, in ya yi maka ka saya, in bai yi ba ka wuce.

Tallan da nake nufi dabam yake. Ba ya ba ka labarin kaya. Labarin kanka yake ba ka. Yana cewa akwai abin da ka rasa. Ya ce wa yarinya: kin yi baƙi, kin rame, wa zai dube ki? Ya ce wa yaro: kai har yanzu ba ka cika namiji ba. Sai ya bari maganar ta zauna a zuciya. Sannan ya ɗaga kwalba ya ce ga magani. Wato shi ya kawo ciwon, shi kuma yake sayar da maganin.

Me ya sa yake bin yara masu tasowa? Ku tuna lokacin da kuke kamarsu. Lokacin balaga jiki yana canzawa. Yaro ba ya gane kansa. Yarinya tana daɗewa a gaban madubi. Ƙuraje biyu a fuska sun isa su hana ta zuwa biki. Ba lokacin da mutum ya fi damuwa da yadda ake ganinsa kamar wannan. Mai talla ya san haka. Ya kuma san cewa wanda ya kama yana ɗan shekara 15, zai yi shekaru yana saye a wurinsa. Ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa a wannan lokaci kuwa ita ce ta sha'awa. Shi ya sa ake sa hoton mace a tallan abin da ba ruwansa da mace.

Abin Da Iyaye Suka Yi A Amurka

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne muke kuka. Bari in kai ku nesa, in ba ku labarin da ya faru a Amurka, inda wannan dabara ta yi ƙarfi tun kafin ta iso mu.

Akwai wani babban kamfanin tufafi a can mai suna Calvin Klein. Yana sayar da wandon jins, irin wanda samarinmu ke sawa. Tun a 1980 ya sa wata yarinya 'yar fim mai shekara 15 ta yi masa talla a talabijin da maganar da ba ta dace da shekarunta ba. Aka yi surutu, aka bari.

A 1995 kamfanin ya wuce gona da iri. Ya fito da hotunan samari da 'yan mata masu kama da yara, a cikin wani ɗaki, tufafin jikinsu ba su taka kara sun karya ba. A na talabijin, ana jin muryar wani babban mutum da ba a ganin fuskarsa, yana yi musu tambayoyi game da jikinsu. Aka sa hotunan a mujallu, aka manna a jikin manyan motocin haya na cikin gari. Duk yaron da zai tafi makaranta sai ya gani.

Iyaye suka tashi. Ƙungiyoyinsu da na addini suka rubuta takardu. Suka ce za su daina sayayya a kantunan da ke ajiye kayan kamfanin. A watan Agusta na wannan shekara kamfanin ya janye tallan gaba ɗaya. Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta yi bincike, amma daga baya ta rufe maganar ba tare da ta kai kowa kotu ba.

Ku lura da wannan. Ba alƙali ne ya cire tallan ba. Ba ɗan sanda ba ne. Iyaye ne suka ce ba za mu saya ba. Ɗan kasuwa ba ya tsoron zagi. Wani lokaci ma zagin talla ne a gare shi, don sunansa ƙara yaɗuwa yake yi. Abin da yake tsoro shi ne ciniki ya tsaya.

Amma kada ku ce sun huta. A 1999 kamfanin nan dai ya sake fito da wani tallan, na ƙananan yara sanye da kamfai kawai. Iyaye suka sake tashi. Wannan karon kwana ɗaya ya yi aka janye shi. Kun ga abin kamar korar tsuntsaye ne daga gonar gero. Ba a korarsu sau ɗaya a koma gida a kwanta.

Wanda Ke Cikin Aljihu

Mu dawo gida. Wani zai ce ai mu nan ƙauye ne, ba mu da allon talla, ba mu da talabijin. Gaskiya ne, a da. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Yau da wuya ka sami gidan da ba ta. In yaronka ba shi da babbar waya, abokinsa yana da ita. Ku je wurin mai cajin waya da yamma ku ga kawuna biyar a kan waya ɗaya.

Mai talla na da sai ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama. Maigida ya fito ya ga ko wane ne. Wannan kuwa ya wuce zaure, ya wuce tsakar gida, yana cikin ɗaki tare da 'yarka da dare, kai kana barci.

A 2021 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta hana teloli da masu kanti ajiye mutum-mutumin da ake rataya wa kaya. Wannan mataki ya shafi abin da ke bakin titi. Na cikin aljihu kuwa ba jami'in da zai iya bi gida-gida ya cire shi.

Ga yadda yake aiki. A dandali irin su TikTok da Facebook da Instagram, wayar tana lura da abin da mai ita ya tsaya yana kallo. In yarinya ta tsaya a kan hoton man shafawa sau ɗaya, gobe za a kawo mata goma. In yaro ya tsaya a kan rawar banza, ba zai ƙara neman ta ba, ita za ta neme shi. Tallan ma ba ya zuwa da kamar talla. Wata budurwa ce za ta fito, fara sol, tana hira kamar ƙawa. Ta ce da ni baƙa ce, ba wanda ke kula ni, yanzu samari har layi suke yi. Ta nuna roba, ta ba da lambar waya. Ba za ta faɗa cewa biyanta aka yi ba. Ba za ta faɗa cewa wayar ce ta goge mata fuska ba, don akwai dabarar da ke haskaka fata a hoto, ta rage nan, ta ƙara can. Yarinyarmu tana gasa da fuskar da babu ita a duniya.

Su kansu masu dandalin sun san da haka. A 2021 wata ma'aikaciyar kamfanin Facebook, wanda shi ke da Instagram, ta fito da takardun cikin gida. Binciken kamfanin da kansa ya nuna cewa dandalin yana ƙara wa 'yan mata da yawa ƙin jikinsu. Dokar TikTok ta ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, amma yaro yana iya ƙara wa kansa shekaru, ba mai tambaya. Ƙasar Ostireliya ta ga abin ya isa, ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a waɗannan dandali tun daga Disamba 2025.

Man Bilicin

Iyayenmu mata, a nan zan daɗe, don nan ne cutar ta fi fitowa fili.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga rahoto da ya ce mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna amfani da man canza launin fata. Ko da mun ce lissafin ya yi yawa, mu raba shi biyu. Abin da ya rage ma ya isa tashin hankali. A 2023 hukumar NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna, ta bayyana cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Kun ga abin da yake yi. Fuska ta yi fari, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin. Fata ta yi laushi kamar ledar da ta sha rana, jijiyoyi su fito kore. Nankarwa ta feso wa yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba. In ta ji rauni, ya ƙi warkewa da wuri. Wannan yana da haɗari ranar haihuwa, in har ta kai ga a yi mata aiki a ɗinke. Wani man yana da sinadarin da ke ratsa fata ya taɓa ƙoda. Wani kuma asalinsa maganin ciwon fata ne mai ƙarfi, wanda likita ke bayarwa na 'yan kwanaki. Ita kuwa ta mai da shi man kullum, shekara da shekaru.

Haka ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, wadda 'yan mata ke sha don su yi jiki. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi an yi su ne don wata cuta dabam. Abin da ake gani kamar ƙiba, sau da yawa kumburi ne. Shan su ba bisa ƙa'ida ba yana iya jawo hawan jini da ciwon suga.

To, ga inda karatunku zai yi aiki. Ku ɗauki robar man, ku juya bayanta. Ba sai kun ji Turanci ba. Kun san haruffa, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Ku nemi waɗannan kalmomi: Hydroquinone, Mercury, Clobetasol. In kun ga ɗaya daga cikinsu, kada yarinya ta ƙara shafawa sai an nuna wa ma'aikacin lafiya. Ku duba ko akwai lambar NAFDAC. Ku duba inda aka rubuta EXP, nan ne ranar da man zai lalace. Amma ku sani, ana buga lambar jabu, kuma ba kowane mai haɗa mai ke rubuta gaskiyar abin da ya zuba ba. Wanda ya fi duka haɗari shi ne na haɗi, wanda ake kwaɓawa a kasuwa a zuba a robar da ba rubutu ko ɗaya. Ko an ce muku na itatuwa ne zalla, in yana sa fata ta yi fari cikin mako biyu, ba itace kaɗai ke ciki ba.

Samari, ku ma kuna da hannu. Ku ne masu cewa fara ko mayya ce. Kuna faɗa da wasa, ƙannenku mata suna ji da gaske.

Namu Tallan

Yanzu zan faɗi abin da wasu ba za su ji daɗinsa ba. Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa.

Mun zagi kamfanin Amurka don ya sa yara a gaba ya sayar da wando. To, mu fa? Uwa ta dafa abin sayarwa. Ta kira 'yarta mai shekara 12. Ta ce je ki yi wanka, ki sa jan baki, ki sa kwalli, ki ɗaura zanen nan mai kyau. Ta ce kada ki tsaya wurin tsofaffi, ki bi ta tasha da majalisar samari. Don me? Don kaya su ƙare da wuri. Jama'a, mene ne bambancin wannan da wancan? Su suna da kyamara, mu muna da faranti.

Ban faɗi haka don in ci mutuncin iyayenmu mata ba. Na san abin da ke sa su. Ana tara kuɗin kayan ɗaki. Wani gidan ma da cinikin nan ake sayen gishiri da magi, don maigida ya fita bai bar komai ba. Saboda haka maganar ta fi hawa kanmu, mu maza. Amma yarinyar da aka koya mata tun tana ƙarama cewa kwalliyarta ce ke sayar da ƙosai, ba za ta yi gardama ba ranar da waya ta ce mata farar fata ce ke kawo miji. Ta riga ta ji darasin a gida. In tallan ya zama dole, a bar ta ta fita da tufafinta na kullum. A yi shi da rana, a kusa, su biyu ko uku tare, ta dawo kafin magariba.

Me Za Mu Iya Yi?

Ban ce a je a fasa motar mai magani ba. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa, shi za a kama. Ban ce kuma a fasa wayar yaro ko a lakaɗa wa yarinya duka ba. In ka doke ta, ba ta daina ba, ɓoyewa kawai ta koya.

Akwai doka. A 2022 aka kafa hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace, ta maye gurbin APCON wadda ke nan tun 1988. Doka ta ce a tantance talla kafin a fito da shi, har da na intanet. Tallan magani da na man shafawa kuma sai da izinin NAFDAC. Amma waɗannan hukumomi suna birni. Kasuwarku kuwa tana da Sarkin Kasuwa, kuma ba mai kafa mota a cikinta sai an ba shi wuri. Nan ne hannunku ke kaiwa.

A da in za a kai kuka sai a nemi mai rubutu, ku kuma ku dangwala yatsa. Yanzu kuna iya rubutawa da kanku. Ba sai ta yi tsawo ba. Ga misali:

“Zuwa ga Sarkin Kasuwa, ta hannun Dagaci. Bayan gaisuwa, mu iyayen yara na wannan gari muna roƙo a hana masu tallan magani yin batsa a lasifika, da manna hotunan tsiraici. Ba mu hana su neman abinci ba. Su gyara bakinsu, ko su bar kasuwarmu.”

Sai kowa ya rubuta sunansa a ƙasa. Mutum ɗaya in ya je, za a ce masa mai tsegumi. Mutum 40 in suka sa hannu, za a ba su kujera. Sannan ku yi abin da iyayen Amurka suka yi. Ku daina saye a wurinsa. Mu faɗi gaskiya, da manya ba sa zagayawa bayan motar nan suna miƙa kuɗi a ɓoye, da ba ta dawo mako mai zuwa ba.

Na cikin waya kuwa, takarda ba ta kai masa. Sai dai a zauna da yaro. Uwa ta zauna da 'yarta, ta ce nuna mini abin da kuke kallo. In tallan ya fito, kada ta yi faɗa. Ta tambaye ta: wa kike jin ya biya wannan budurwar? Me take so ki ji game da jikinki? In kin saya, aljihun wa kuɗin zai shiga? In kunya ta hana uwa, ai muna da gwaggo da inna da kaka. In ta hana uba, akwai kawu da baffa. Dama can su ne masu irin wannan magana.

Ni dai daga baya na yi ta maza. Bayan kwana uku na kira 'yata, ga mahaifiyarta a zaune. Na ce abin da muka ji a kasuwa ƙarya ne, kuma rashin mutunci ne. Na tambaye ta ko ta san man bilicin. Ashe ta san sunan kala uku, ta san kuɗin kowanne. Ta ce a ajinsu akwai 'yan mata huɗu da ke yin adashi da kuɗin tara, duk wadda ta ɗauka sai ta sayi roba ɗaya. Ta ce sun ce ta shiga, ta ce sai ta yi shawara. Wata biyu ke nan tana shawarar, ita kaɗai.

Malaman azuzuwa, ga aikin da nake roƙo. Ranar da za a koma aji, kowace ɗaliba ta zo da robar man shafawa ɗaya daga gida, ko da wadda ta ƙare ce. Maza su zo da kwalin magani ko takardar talla da suka tsinta a kasuwa. A rubuta kalmomin nan uku a allo, a bi robobin ɗaya-ɗaya ana dubawa. Kada a tambayi kowa robar wace ce. Abin da kuka samu, ku rubuto mana ta hannun mai kula da azuzuwa na yankinku, za mu buga a fitowa ta gaba.